Ya Bar Alkama Ya Murmure, To Don Me Ba Zai Koma Cin Gurasa Ba? Fashin Baƙi Kan Cutar Siliyak a Yara

Likita ya ce a raba yaro da alkama, aka raba shi. Zawo ya tsaya, kumburin ciki ya sace, kumatu suka dawo, yaron da bai da aiki sai kuka ya koma tsere da sa'anninsa a lungu. To bayan shekara guda, me zai hana a miƙa masa gurasa? Ai ya warke. Tambayar da kaka ke yi wa surukarta ke nan a tsakar gida: "Haba 'yar nan, ɗan guntun alkakin Sallah ne zai kashe shi?" Ita kuma sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, haka likita ya ce." Kakar ba wauta ta yi ba. Mun saba da ciwon da ake sha wa magani ya wuce, zazzaɓin cizon sauro kwana uku, taifot mako ɗaya ko biyu. Ciwon da maganinsa barin burodi har ƙarshen rayuwa baƙo ne a wurinmu.

A waje kuma maganar ta rabu gida biyu. A TikTok da Facebook masu tallar magunguna da masu koyar da rage ƙiba sun dage cewa fulawa guba ce, wai wani abu mai suna gulutin shi ke kawo olsa da ciwon gaɓɓai har da rashin ƙoƙarin yara a makaranta, saboda haka kowa ya bari. A ɗaya gefen, alkama a Kano tana da martabar abincin masu kula da lafiyarsu. Da zarar an ce wani ya kamu da suga, abin da dangi ke fara aika masa shi ne kwanon alkama. Kowane ɓangare ya riƙe wutsiyar gaskiya ya saki kanta. Akwai cuta ta haƙiƙa, sunanta siliyak, tana kama kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya, kuma sau da yawa tun yarinta take somawa. Amsar tambayar kaka tana cikin abin da wannan cuta ke yi wa garkuwar jikin yaro.

Shi gulutin ɗin, mene ne?

Duk wanda ya taɓa ganin ana kwaɓa ƙullun alkubus ko ana murza taliyar Hausa ya ga gulutin da idonsa. Shi ne danƙon da ke sa ƙullu ya miƙe kamar roba bai tsinke ba, shi ke riƙe iskar yis har gurasa ta tashi. A ɗauki curin kwaɓaɓɓiyar fulawa a yi ta cuɗa shi cikin ruwa, farin sitaci zai fita, abin da ya rage a hannu mai kama da cingam, to shi ne. Furotin ne, kuma ana samunsa a alkama, da sha'ir, da wani ɗan'uwansu da ake nomawa a ƙasashen sanyi. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca ba su da shi.

Ba kowane danƙo ne gulutin ba. Danƙon sakwara da na tuwon shinkafa sitaci ne, yauƙin kuka da kuɓewa ma wani abu ne daban. Gulukos da sinadarin farin magi kuwa kamar suna ce kawai ta haɗa su da shi, babu dangantaka.

Furotin ɗin nama ko na wake, ciki da hanji kan daddatsa shi mitsi-mitsi kafin ya shiga jini. Gulutin yana da taurin kai. Cike yake da wasu tubala biyu daga cikin waɗanda ake gina furotin da su, furolin da gulutamin, kuma sinadaran narkar da abinci ba sa iya yanka inda furolin ya cunkushe. Sai dogayen guntaye su rage a hanji. A 2002 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun bayyana wani guntu mai tubali 33 da ke fita daga narkewa ko ƙwarzane babu. Wannan a hanjin kowa yake faruwa, har da naka da nawa. Sai dai a wurin mai lafiya guntun na wucewa abinsa, ba wanda ya tanka masa.

Ciwo uku da ake gwamutsawa

Akwai alajin alkama, wanda ke tashi cikin mintuna ko 'yan sa'o'i da borin jini, kumburin leɓe, wani lokaci da sarƙewar numfashi. Yara da yawa kan rabu da shi idan sun girma. Akwai kuma masu jin kumburi da iska in sun ci fulawa da yawa, amma in an gwada jininsu da hanjinsu lafiya lau. A wurin wasunsu ma ba gulutin ne mai laifin ba, wani nau'in sukari ne da ke cikin alkama, wanda kuma yake cikin albasa da tafarnuwa. Siliyak ce ta uku, ita ce kuma jiki ke juyowa ya yaƙi kansa.

Yadda 'yan sintiri ke rushe gidan da suke gadi

Bangon ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Ya fi kama da tawul ɗin nan da mahauta ke sayarwa cikin kayan ciki, sai dai gashinsa ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kowanne bai wuce milimita ɗaya ba. Wannan gashi shi ke tsotse abinci. Da za a shimfiɗa hanjin babban mutum da duk gashinsa, zai rufe kusan murabba'in mita 30, faɗin ɗakuna biyu ke nan.

A ƙarƙashin wannan bango ne babbar rundunar garkuwar jiki ta yi sansani. Mutane na ɗauka aikin garkuwa faɗa ne kawai, alhali a hanji babban aikinta ƙyalewa. Duk lomar da aka haɗiye baƙuwa ce ga jiki. Kamar 'yan sintirin bakin kasuwa ne, dubban baƙi na wucewa ta gabansu kullum, gwanintarsu ita ce su bambance ɓarawo da mai ciniki. Tun yaro na shan nono, ana soma ba shi koko, garkuwarsa ke koyon wannan haƙuri. A siliyak haƙurin ne ke karyewa, kuma a kan baƙo ɗaya tak.

Akwai wani sinadarin gyara a jikinmu da ake kira tTG, aikinsa ɗinke inda nama ya samu rauni, kamar maginin gida. Idan guntun gulutin ya ratsa bangon hanji ya gamu da shi, sai tTG ya taɓa gulutamin ɗin da ke jikinsa ya ɗan sauya masa siffa. Sauyin ƙarami ne, amma shi ne tushen fitinar. Wasu ƙwayoyin garkuwa suna ɗauke da wani abu mai kama da faranti, wanda suke ɗora duk abin da suka tsinta a kai su nuna wa manyan dakaru, wato ƙwayoyin T. Farantin nan gadonsa ake yi, kuma iri-iri ne. Iri biyu, HLA-DQ2 da HLA-DQ8, sauyayyen gulutin na zama daram a cikinsu kamar don shi aka ƙera su. Ƙwayoyin T na ganinsa a kan farantin sai su yi kururuwar ɓarawo.

Daga nan unguwa ta ruɗe. Ƙwayoyin T na sakin sinadaran kumburi. Suna zuga ƙwayoyin B su ƙera makaman da ake kira antibodi, wasu a kan gulutin, wasu kuma a kan shi kansa tTG, maginin gidan da aka kama tare da baƙo. A 1997 ne masana a Balin ta Jamus suka gano cewa tTG ne jiki ke kai wa hari, kuma a kan wannan aka gina gwajin jinin da ake yi yau. Sannan wasu ƙwayoyin masu kisa da ke zaune a tsakanin ƙwayoyin bangon hanji sai su ninka yawansu su hau kashe maƙwabtansu. A ka'ida bangon hanji kan sabunta kansa duk kwana 3 zuwa 5, amma yanzu rushewa ta fi gini sauri. Gashi ya gajarce, ya lanƙwashe, daga ƙarshe wurin ya zama fili fetal. Likita ɗan Ingila Michael Marsh ya tsara matakan wannan lalacewa a 1992, har gobe da sunansa ake auna ta.

Farkon ƙaramin hanji, inda abinci ke fara sauka daga ciki, shi ya fi shan wuya, kuma nan ne ake tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini da kalsiyam mai gina ƙashi. Shi ya sa za ka ga yaro an yi ta ɗura masa maganin ƙarin jini kwalba bayan kwalba, jinin bai hau ba. Mai ba ya tsotsuwa, sai kashi ya yi yawa, ya yi fari-fari, ga maiƙo ga ɗoyi. Sinadarin da ke narkar da sukarin madara kuma a kan tsinin gashin nan yake zaune. In gashi ya tafi, shi ma ya tafi. Sai yaro ya sha madara cikinsa ya ɓaci, a ɗora wa madara laifi, a ƙara masa burodi don ya samu abin riƙe ciki.

Don me wannan yaron, ba ƙaninsa ba?

Kusan duk mai siliyak yana da DQ2 ko DQ8. Amma a Turai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na jama'a suna da ɗaya daga cikinsu, kuma kimanin 3 cikin 100 na masu shi ne kawai ke kamuwa. Gado na buɗe ƙofa, bai isa ya shigo da ciwon shi kaɗai ba. Iyaye, 'ya'ya da 'yan uwan ciki ɗaya na mai cutar, kusan 1 cikin 10 daga cikinsu na da ita. Wanda ya gaji DQ2 ta wurin uwa da uba duka ya fi kowa shiga haɗari, abin da kuma ya fi yiwuwa a dangin da auren zumunci ya yi yawa.

Sauran abubuwan da ke tunzura ta, ana nuna yatsa ga wasu ƙwayoyin cutar bairos masu kama hanjin yara, da kuma yawan gulutin da yaro ke ci a shekarunsa na farko. Suwidin ta ga wannan da idonta. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990 cutar ta ninka har sau uku zuwa huɗu a yara 'yan ƙasa da shekara biyu, bayan an sauya shawarar lokacin soma ba jarirai hatsi, kamfanoni kuma suka ƙara fulawa a abincin jarirai. Da aka gyara, adadin ya sauka. An ɗauka an gano rigakafi ke nan. Sai a 2014 manyan gwaje-gwaje biyu a Turai suka nuna cewa jinkirta alkama, ko soma ta kaɗan-kaɗan da wuri, ko daɗewa ana shayarwa, babu wanda ke hana cutar zuwa ga wanda za ta zo wa. Na tsaya a kan wannan ne saboda na san halinmu. Yaro na ramewa, uwa za a fara tuhuma: nononta ba shi da kyau, ta yaye shi da wuri, ta bari ya sha ciki. A siliyak dai ba ta da laifi ko ɗaya.

An daɗe ana kiranta ciwon Turawa. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. A 1999 likita ɗan Italiya Carlo Catassi da abokan aikinsa suka gwada yaran Sahrawi a sansanonin gudun hijira da ke kudu maso yammacin Aljeriya, suka samu kashi 5.6 cikin 100 na da ita, fiye da ko'ina a Turai. Mutane ne makiyaya da rayuwar sansani ta mayar da fulawar agaji babban abincinsu.

Ba na cewa Kano Tinduf ce, wato yankin da sansanonin nan suke. Amma mu ma cimarmu ta sauya a cikin tsatso ɗaya ko biyu. Alkama tsohuwa ce a birni. Gurasar Jakara, alkaki da funkaso ba jiya aka fara su ba. Sai dai abincin Sallah ne, na gara, na baƙo da na masu hali. Kakanninmu tuwon dawa da fura suka tashi da su. Yaron yau kuwa da shayi da burodi yake karyawa, biskit a jakar makaranta, Indomie ko taliya da rana, tuwon semo da dare. Abin da ake nomawa a Kadawa da Kura ƙaramin kaso ne, mafi yawan alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake shigo da ita, amma ga mai siliyak ta gida da ta waje duk ɗaya ne. Wanda ya gaji farantin nan a zamanin da, ya rayu kan gero da dawa, ƙila har ya koma ga Mahaliccinsa bai san yana da shi ba. Jikansa ba zai samu wannan sararin ba.

Yadda take ɓuya a bayan tamowa

Kamanninta da aka fi sani suna bayyana tsakanin wata shida da shekara biyu, bayan an soma ba yaro abinci mai fulawa: zawon da ba ya ƙarewa, ƙaton ciki, siraran ƙafafu, mazaunai sun yamushe, ga rigima ga ƙin abinci. Kowa ya gani zai ce tamowa, ko haƙori, ko basir. Kuma a gaskiya mafi yawan yaran Kano masu wannan kama ba siliyak ke damunsu ba. Ruwa marar tsafta, tsutsar ciki, tarin fuka, ƙanjamau da yunwa kanta su ne a gaba, kuma wasunsu ma na cinye gashin hanji kamar yadda siliyak ke yi. A nan gizo ke saƙar.

Abin da ya kamata ya ɗaga hankali shi ne yaron da gidansu akwai abinci, an ba shi maganin tsutsa, an yi maganin zawo sau ba adadi, amma awonsa ya tsaya cik. Ko wanda ke murmurewa in ana ba shi abincin gyaɗar nan na masu tamowa, wanda gyaɗa ce da madara da sukari da mai, sannan ya koma gidan jiya da zarar ya dawo kan shayi da burodi. A manyan yara kuma tana zuwa a sace: gajarta, ƙarancin jinin da ya ƙi magani, taurin bayan gida maimakon zawo, ƙurajen baki masu yawan dawowa, tabo a haƙoran dindindin, yarinya ta wuce sa'anninta ba ta fara al'ada ba. Wasu ma ba su da alama ko ɗaya.

Yara masu lalurar Down da masu ciwon suga nau'in farko, wanda ake yi wa allurar insulin, sun fi sauran kamuwa da ita sau da yawa, domin sugan yara da siliyak gadon DQ2 da DQ8 ɗaya suke tarayya a kai. To a duba abin da muke yi. Yaron da ya fi kowa kusa da siliyak shi muke cirewa daga shinkafa mu ɗora kan tuwon alkama safe da dare, da sunan kula da shi. An gudu ba a tsira ba.

A gwada kafin a hana

Kuskuren da ya fi tsada shi ne uwa ta ga bidiyo, ta yanke wa yaro fulawa, ya ɗan ji sauƙi, bayan wata huɗu a je asibiti. Gwajin jinin, wanda ake rubutawa tTG-IgA, makaman yaƙi yake nema. In an daina yaƙin, makaman sun ragu, sai gwaji ya fito lafiya lau alhali cutar na nan. Don a tabbatar sai an mayar da yaro kan alkama na makonni, abin da likitoci ba sa so su yi wa ɗan ƙasa da shekara biyar ko wanda ke tsakiyar girman balaga. Tare da gwajin ana auna jimillar IgA ta jiki, wato nau'in antibodin da gwajin ke dubawa, domin wasu masu siliyak ba sa ƙera ta sosai, kuma hakan na ɓoye sakamako.

A da dole sai an zura na'urar leƙa ciki ta baki an tsinko ɗan naman hanji. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ciki da hantar yara ta Turai, ESPGHAN, ta fitar a 2020 ta ce idan tTG-IgA ya ninka iyakar lafiya sau 10 ko fiye, kuma wani gwajin jini na biyu mai suna EMA ya gaskata shi, za a iya yanke hukunci ba tare da tsinkar hanji ba. Ga talakan Kano wannan sauƙi ne babba. Amma in lambar ta ɗan ɗaga ne kawai, da sauran rina a kaba: ƙwayar cutar hanji na iya ɗaga ta kaɗan, kuma akwai yaran da antibodi ke bayyana a jininsu ya sake ɓacewa hanjinsu bai lalace ba. Irin wannan hukunci na likitan yara ne, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Murtala ko Hasiya Bayero, ba na mai kemis ba.

Italiya ta yi doka a 2023 ta gwada yara 'yan shekara 1 zuwa 17 don siliyak da sugan yara. Masu goyon baya na cewa mafi yawan masu cutar ba a gano su, masu suka na cewa za a ɗora wa yaran da ba su da wani ƙorafi takunkumin abinci. A ganina wannan gardamar masu ƙoshi ce. Inda zazzaɓin cizon sauro da yunwa ke kashe yara, abin da za mu iya shi ne a gwada waɗanda alamu suka nuna, da masu suga, da 'yan uwan wanda aka samu da ita.

Abin da ke gyaruwa, da abin da jiki ba ya mantawa

Tun 1888 likita Samuel Gee na Landan ya rubuta cewa ta hanyar abinci ne kawai za a magance ciwon, amma bai gano wane abinci ba. A 1924 Sidney Haas na New York ya ɗora yara kan ayaba tuli, suka murmure, aka yi ta yabon ayaba, alhali burodin da ya hana su ne ya yi aikin. Da yawa an sallame su a kan sun warke, suka koma cin alkama, suka girma da ciwon a ɓoye. Likitan yara ɗan Holan, Willem Dicke, shi ya kama ɓarawon. A yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, da burodi ya yi wuya, majinyatansa suka samu sauƙi. Da burodi ya dawo suka koma ruwa. Ya rubuta bincikensa a 1950.

Idan aka cire gulutin, yaro kan canja da sauri. Cikin kwanaki ko makonni rigima ta ragu, cin abinci ya dawo, zawo ya tsaya. Nauyi na fara hawa, tsayi ya biyo baya. Antibodi na sauka a hankali, a wurin da yawa sai an shekara ɗaya ko biyu kafin ya koma daidai. Gashin hanji na tsirowa, kuma na yara ya fi na manya saurin cikewa. Madarar da ta gagara a baya sai ta shawu.

Wannan duk kwance damara ne, ba a sallami runduna ba. Ƙwayoyin T ɗin da suka taɓa ganin gulutin a kan faranti suna barin 'ya'ya masu riƙe kamanninsa, irin tunin da ke sa allurar rigakafin ƙyanda ta yi aiki shekara da shekaru. Abin da ke kare mu daga ƙyanda shi ne ke hana mai siliyak komawa ga gurasa. Masana a Oslo ta Nowe sun ba da rahoto a 2018 cewa sun samu zuriyar ƙwayoyin T iri ɗaya a jikin majinyata bayan shekaru gommai. A 2019 wani bincike daga Jami'ar Chicago ya nuna cewa wani rukunin ƙwayoyin garkuwa masu suna gama-delta da ke zaune a bangon hanji tun asali kan ɓace saboda daɗewar kumburi, wasu masu zafin kai su maye gurbinsu, kuma barin gulutin bai dawo da na farkon ba. A shekarar ne kuma aka nuna cewa manya masu cutar da suka daɗe da barin alkama, in suka ci, wani sinadarin ƙararrawa mai suna IL-2 na tashi a jininsu cikin sa'o'i 2 zuwa 4, masu amai su yi amai.

Har yanzu babu ƙwaya ko allura da aka amince da ita. Ana gwada wasu, ciki har da mai toshe aikin tTG da aka ba da rahotonta a 2021, amma ba ta shigo kasuwa ba. Jiƙo da wankin ciki kuwa ba su kai inda tunin yake ba. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye: an lura cewa rigakafin ciwon hanta nau'in B ba ya kama wasu masu siliyak sosai. A ƙasar da wannan ciwo ya yi yawa kamar tamu, ya dace a tambayi likita ko za a auna a ƙara wa yaron allura.

Daga Dawanau zuwa injin niƙa

A Turai iyaye na kukan tsadar burodi na musamman. Mu Allah ya hutar da mu. Tuwon dawa, na masara, na shinkafa, fura da nono, koko, kunun gyaɗa, faten acca, alala, ƙosai, awara, doya, dankali, nama, kifi, ƙwai, duk halak ne ga yaron. Wanda ya shiga Dawanau ya gama sayayyar maganinsa. Kwalayen da ake shigo da su masu tambarin babu gulutin tsada ce kawai, galibi ga sukari ga mai. Haka kuma yaron da ba shi da cutar, babu abin da zai ƙaru da shi don an hana shi fulawa.

Wahalar tana cikin ƙanƙantar abin da ke tayar da yaƙin. Ƙa'idar duniya ta ce abinci ba ya amsa sunan marar gulutin sai in bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Wani gwaji a Italiya a 2007 ya nuna miligiram 50 a kullum na tsawon wata uku ya isa ya taɓa gashin hanjin manya masu cutar. Yankan burodi ɗaya na ɗauke da wajen giram 2. Ɓurɓushi ke nan ake magana.

To a tuna injin unguwa. Wata ta kawo alkamar mai suga, mai inji ya niƙa, ya juye dawar mai siliyak a kai bai kakkaɓe ba. Dabarar ita ce a yi magana da shi a zo da sassafe, a wanke ko a share injin, a fara niƙa ɗan kaɗan a ware wa sauran gida, ko a nemi ƙaramin inji in da hali. Ɗanwake ma tarko ne. Sunansa na wake ne, amma na yanzu da yawa fulawa ce ko alkama a ciki. Wasu masu waina da sinasir na barbaɗa fulawa don ƙullu ya haɗu. Mai ƙosai na iya soya fanke a man. Madambacin da aka yi alkubus, rariyar da aka tankaɗe fulawa, muciyar tuwon semo, tsiren da aka jera kan gurasa, nakiyar da aka haɗa kwalla ɗaya da alkaki, duk hanyoyi ne. Kayan shayi da lemuka masu malt, ɗunƙulen miya, kunun ots na gwangwani da biskit, sai an karanta jikinsu an ga babu alkama ko sha'ir.

Ɗan shekara uku uwarsa ke riƙe da cokalinsa. Ɗan shekara goma sha huɗu kuwa yana makarantar kwana, ko yana zaune a teburin mai shayi, abokai sun sa an dafa Indomie da ƙwai. Zai ci. Kuma sau da yawa ba zai ji komai ba, domin ba kowane mai siliyak ke amai ba, sai ya dawo gida ya ce, "Umma, wallahi na ci jiya, ga ni garau." Shekarun nan kuwa su ne jiki ke tara ƙashi, yake ƙara tsayin da ba zai sake samu ba. Abin da ke tona asirin irin wannan cin shi ne awon tsayi da nauyi da gwajin tTG-IgA, wanda ake maimaitawa bayan wata uku zuwa shida da fara ƙauracewar, sannan akai-akai har lambar ta sauka, daga nan kuma duk shekara ɗaya ko biyu.